Ragon da Ba a Taɓa Yi wa Allura Ba

A Abashe, cikin ƙasar Cadi, na daina sanin ranakun mako. Motar da ta ɗauko mu daga Injamena ta kaya ce, mu fasinja muna can sama a kan buhunan gero, kuma daga fitowar rana zuwa faɗuwarta abu ɗaya ido yake gani, jar ƙasa da ƙaya, sai wani dutse can nesa wanda ake ta tafiya ba a isa gare shi. Na riƙe igiyar da aka ɗaure kayan da ita, gyangyaɗi yana ɗaukata yana sakina. In na rufe ido sai in ga ruwan dam ɗin Gubi na wajen garinmu da la'asar, shanu suna gangarowa sha, ɗaliban jami'a suna wucewa a keke suna ta dariyarsu. In na buɗe sai in ga ƙeyar mutumin da ke gabana, in tuna inda nake.

Sunana Buba. A Tirwun aka haife ni, gefen garin Bauchi, gidan makiyaya da suka daɗe da zama wuri ɗaya. Karatuna na boko a firamare ya tsaya. Tun ina yaro Allah ya yi ni da yawan saƙe-saƙe. In na ɗaure akuya sai na koma na duba ƙullin, in na duba na tafi sai zuciyata ta ce anya na duba da kyau. Matata Jummai takan ce ni kaɗai ta sani da ke rufe ƙofa sannan ya tsaya yana lallashinta ta zauna a rufe. Da wuraren kiwonmu suka koma filaye ana ta gina gidaje, dabbobinmu suka ragu, sai wani mutum da kowa ke kira Alhaji ya ce akwai aikin kiwon tumaki a Saudiyya, ta Sudan za a bi a hau jirgin ruwa. Shi ne na biyo shi, mu da yawa. Wannan kafin Sudan ta rikice ne.

A Jinaina, bakin shiga Sudan, Alhaji ya karɓe fasfo ɗinmu duka, ya ce kada su ɓace a hannunmu. Na ma ji daɗi, don tun daga gida nake taɓa aljihu ina jin ko nawa yana nan, har yatsana ya huda aljihun. Daga nan tafiyar ta zama kamar mafarkin mai zazzaɓi. Garuruwa suna zuwa suna wucewa ban riƙe sunansu ba. Abin da na riƙe shi ne wata mai shayi a wata tasha, da ta ga ina juya kofi ina neman gefen da baki bai taɓa ba. Ta karɓe shi, ta ɗauraye a gabana da ruwan zafi, ta sake cikawa ta miƙo mini.

A Umdurman Alhaji ya sauke mu a wani gida, ya ce zai je bakin teku ya kammala maganar jirgi. Ba mu sake ganinsa ba. Mai gidan ya yi haƙuri da mu har haƙurinsa ya ƙare, ya fitar mana da tabarmi waje, kowa ya kama gabansa. Ni na fake a harabar wani masallaci. Ba takarda, ba harshe sai ɗan Larabcin sallah, kuma duk motar 'yan sandan da ta wuce sai in laɓe bayan bango.

Wata Juma'a ina alwala, na wanke hannu na sake wankewa don ban tabbata ruwa ya kai gwiwar hannu ba, sai na ji an ce a bayana da Hausa, "Ɗan'uwa, ka rage mana kogin, mu ma za mu yi sallah." Na juya na ga wani dattijo siriri cikin farar jallabiya da rawani irin nasu. Hulata ya gani ya gane ni. Sunansa Malam Sidiƙu. A Sudan aka haife shi, kakansa ne ya taso daga wajen Haɗeja a ƙafa zai je Makka, ya tsaya a hanya ya yi noma, ya yi aure, tafiyar ta ƙare nan. Bayan sallah ya saya mini dafaffen wake da burodi, ya saurari labarina bai katse ni ba, sannan ya tambaye ni abin da na iya. Na ce ban iya komai ba sai dabba. Ya ce to ai mai dabba ake nema.

A wata 'yar makarantar kuɗi yake aiki, inda ake koya wa matasa gwajin jini da gano ƙwayoyin cuta irin na asibiti. Shi ne mai shirya musu kayan karatu. A bayan makarantar akwai fili da katanga, da bishiyar dogon yaro, da ɗakin kwano, da 'yan raguna irin na can masu dogayen ƙafafu da jela har ƙasa. Mai kula da su ya bar aiki. Shugabar sashen, Dakta Ihsan, gajeriyar mace ce mai tabarau, ba ta jin Hausa, Larabcin ma ba ta cika yinsa da yawa ba. Ta dube ni, ta dubi yadda ragunan suka zo suna shinshinar hannuna, ta ce wa Malam in zauna. Ba wanda ya tambaye ni takarda. A cikin katangar nan ni ma'aikaci ne mai ɗaki da abinci. A wajenta ni ba kowa ba ne, kuma ban taɓa mantawa da haka ba.

Na ɗauka kiwon layya ake yi, ashe jininsu ake so. Lokaci-lokaci Malam yakan zo da safe da allura da kwalba. Ni in rungume ragon in ɗaga masa haɓa, shi ya aske ɗan wuri a wuya, ya goge, ya soka. Jinin ya bi siririyar roba ya sauka cikin kwalba. A cikinta akwai 'yan duwatsun gilashi kamar 'ya'yan carbi, ana juya ta a hankali don kada jinin ya daskare. Har yau in na yi shiru ina jin ƙarar duwatsun nan, caras caras. Ragon kuwa da an sake shi sai ya girgiza kai ya koma kan harawarsa.

Ranar farko ban iya cin abinci ba. Na tambayi Malam ko halal ne a ɗebi jinin dabba tana raye, ko rigar da ɗigo ya taɓa tana sallah, in kuma ɗigon ya bushe ban gan shi ba fa. Ya ce, "Buba, wanzami bai taɓa yi maka ƙaho ba?" Na ce ya taɓa. "Ka mutu?" Na ce a'a. Ya ce to rago ma haka, in ware riga ɗaya ta sallah in rataye ta a ƙusa, in bar shi ya yi aikinsa. Na ware. Duk da haka nakan duba ta.

Ta taga ya nuna mini abin da ake yi da jinin, don ba a barina shiga ɗakin gwajin. Wani gari ake dafawa da ruwa, a bar shi ya huce har mutum ya iya jingina kwalbar a kumatunsa, sannan a zuba jinin a gauraya, a tsiyaya cikin ƙananan farantai na gilashi masu murfi. Sai ya kafe sumul, ja wur kamar zoɓo. Malam ya ce gona ce. Ɗalibi zai ɗauko 'yar waya mai zobe a baki, ya gasa ta a wuta, ya taɓo abin da aka samo daga maƙogwaron mara lafiya ko daga gyambo, ya ja layi a kan jan nan kamar mai huɗa. A sa a akwatin ɗumi ya kwana. Da safe sai ka ga ya tsiro ɗigo-ɗigo, wani fari, wani ruwan toka, wani ya cinye jan da ke kewaye da shi ya bar zobe garau, wani ya mayar da shi kore-kore. Zoben nan yana cikin abin da ake gane cutar da shi. Malam ya ce littafi yana da hotonsu, amma yaron da a hoto kawai ya san su, ranar da ya gamu da su a asibiti wuce su zai yi.

A cikin ɗaliban akwai 'yan Najeriya, a cikinsu akwai Rahila, 'yar soja, wadda ta girma a barikin Shadawanka da ke Bauchi. Ranar da ta ji ina yi wa raguna magana ta tsaya cak, ta ce, "Kawu, kai ɗan ina ne?" Da na ce Tirwun sai ta ajiye littattafanta a ƙasa, muka yi ta hirar masar Bauchi kamar a ranar za mu ci. Hausarta ta bariki ce, Dakta Ihsan ma "shi" take ce mata. Takan ɗibar mini yaji cikin wanda uwarta ke aiko mata.

Ita ce wata rana da tsakar rana ta jawo madubin nan na ganin ƙananan abubuwa zuwa bakin taga, ta ce, "Dakta ya fita. Zo ka ga jinin ragonka." Na ce an hana ni shiga. Ta ce ƙafafuna aka hana, ba wanda ya hana ido. Na tsaya daga waje na sunkuya na sa ido.

Da farko haske kawai na gani. Ta murɗa wani abu, sai ga su. Kamar ka hau dutse a Gubi da sassafe ka hango garke a ƙasa, ya cika kwari ba iyaka, kowace tunkiya 'yar da'ira ce ja-ja, ba mai motsi, ba mai kuka. A tsakaninsu, nan da can, akwai wasu manya masu ciki shunayya. Rahila ta ce jajayen 'yan dako ne, su ke kai iska ko'ina a jiki. Manyan kuwa su ne garkuwar jiki, in cuta ta shigo su ke tare ta, kuma wadda suka taɓa faɗa da ita ba sa manta fuskarta. Ta ce irin babanta ne, sai dai su ba a canja musu bariki. Sannan ta zaro wani gilashin daga akwatin katako da ake jera su, ta sa, ta ce ga cutar kanta. 'Yan ɗigo ne a sarƙe kamar abin wuyan mata. Kyawunsu ne ya ba ni tsoro.

Daga ranar na ƙara lalacewa. Ina ganinsu a bakin kofi, a igiya, a numfashin mai gadi. Na wanke hannu har bayansa ya tsattsage. Amma da la'asar, in na zauna gindin dogon yaro iska tana zuwa daga wajen kogin Nilu, nakan dubi ragunan in tuna kowanne yana ɗauke da garke a cikinsa da masu tsaron garken, ni ma haka, Jummai ma haka can a Tirwun tana tankaɗe, sai in ji wani sanyi a raina da ban san sunansa ba.

Ana dab da jarrabawar ƙarshen shekara, wadda ɗalibai ke yi da hannu a kan farantan nan, aka yi wa Malam rasuwa a garinsu can kudu, ya tafi. Bayan tafiyarsa babban ragon, wani fari mai baƙin kunne, ya fara tari. Ɗan tari ne, irin wanda dusa kan sa, amma ni a ƙirjina na ji shi. In ya kwanta fa. In ya shafa wa sauran fa. In Dakta ta zo ta ga rago a kwance, da wane baki zan yi mata bayani, kuma wa za ta ce ya yi sakaci in ba ni ba. Na yi tunanin gaya wa Rahila, sai na ga kamar kai ƙarar kaina ne.

A gidanmu ba a tambayar kowa a kan wannan. In dabba ɗaya ta yi tari, ka sayo allurar nan mai launin zuma ka yi mata, ka bi sauran duka ka yi musu tun abin bai yaɗu ba. Haka na tashi na ga babana yana yi, kuma makiyayin da bai yi haka ba shi ake kira malalaci. Na roƙi mai gadi, da hannu da 'yan kalmomi, ya sayo mini kwalba a kantin maganin dabbobi. Na yi wa farin, na yi wa sauran. Bayan 'yan kwanaki zuciyata ta ce anya maganin ya shiga da kyau, sai na sake bi na ƙara musu. Tarin ya tsaya. Da Malam ya dawo muka ɗebi jini kamar kullum. Ban ce masa komai ba, don kada ya ga kamar ina neman yabo a kan abin da aikina ne.

Aka zuba farantai masu yawa, aka gwada kaɗan daga ciki kafin jarrabawa. Da safe aka buɗe akwatin ɗumi, ba abin da ya tsiro sai ɗan ɗigo nan da can. Jan yana nan sumul kamar ba a taɓa shi ba. Aka sake, haka. Ta taga ina ganin Malam da Dakta suna duba gwangwanin garin, suna sa hannu a akwatin ɗumi, suna zancen wutar lantarki da ke ɗaukewa. Ban kawo komai a raina ba, tausayinsu ma nake ji.

Da azahar Malam ya fito ya zauna kusa da ni a gindin bishiya, ya cire rawani ya ɗora a gwiwa. Can ya ce, ba don yana zargin komai ba, ragunan dai lafiyarsu ƙalau ko. Na ce ƙalau, ai tarin da farin ya yi ma bai je ko'ina ba, na yi musu allura gaba ɗaya, har na maimaita. Ina murmushi na faɗa.

Ya juyo ya dube ni. Sannan ya ce, "Buba, maganin kashe cuta ka zuba a gonar da muke shuka cuta."

Sai da ya sake faɗa na gane. Maganin yana cikin jinin, jinin yana cikin farantai, kuma zai yi makonni bai bar jikin ragunan ba. Ba rago ɗaya da ya tsira a gidan, ni na bi su ɗaya bayan ɗaya. Malam ya ce laifin har da nasa da bai taɓa gaya mini ba, don bai zaci akwai wanda zai sayi magani daga aljihunsa ya yi wa ragon wani ba.

Dakta Ihsan ba ta ɗaga murya ba. Ta tsaya a bakin filin, Malam yana fassara. Ta ce masu sayar da jinin da aka riga aka shirya ba za su kawo kafin jarrabawa ba, jinin mutum kuwa ba za ta ajiye wa yara a gaba ba, zoben ma ba ya fita da kyau a kansa. Mai makarantar ya ji labari, ya ce a sallame ni yau. Ita ta roƙa a jira. In an samo ragon da magani bai shiga jikinsa ba, farantai suka tsiro ranar jarrabawa, za ta sake yi masa magana. In ba su tsiro ba, ba ta da abin cewa. Ta cire tabarau ta goge, ta koma ciki.

Malam yana da aikin wanke farantai da sake dafa gari, don haka ni kaɗai na fita, da 'yan kalmomin da ya koya mini. Rabona da wajen katangar tun shigata. Na je kasuwar dabbobi a bayan gari, rana tana dukan ƙasa har iska tana rawa, raguna kamar suna yawo a kan ruwa. Duk wanda na tambaya ko an yi wa ragonsa allura sai ya bugi ƙirji ya ce jiya-jiyan nan, har ya nuna mini wurin. In na juya zan tafi sai ya gane ba haka nake so ba, ya riƙo rigata ya rantse ragon bai taɓa ganin allura ba. Ban ga laifinsu ba, ni ma da ni ne mai sayarwa amsar farko zan bayar. Na yini ina zagaye na dawo hannu wofi. Washegari a hanya na hango 'yan sanda sun tsayar da wasu baƙi, na faɗa wani lungu na bi shi ban san inda zai kai ni ba.

Lungun ya fitar da ni wata unguwa ta gidajen ƙasa, inda na ji mata suna hira da Hausa ta kan katanga. A ƙofar wani gida wata tsohuwa tana suyar gyaɗa a yashi, a bayanta an ɗaure wani jan rago, ba babba ba, yana cin ɓawo. Na yi sallama na durƙusa na gaishe ta. Ta ce Hajja Kaltume ake kiranta, ta ba ni ruwa, ta tambayi mutanen gida kamar ta san su. Sannan na tambayi ragon. Ta ce a hannunta aka haife shi, uwar ta mutu, da kunu ta raine shi, na layyarta ne bana in Allah ya kai mu.

"Hajja, an taɓa yi masa allura?"

"Allura? Ni kaina da na kai waɗannan shekaru ƙarfe bai taɓa shiga jikina ba, sai shi?"

Na tambaya ko kafso, ko wani gari a ruwa, ko wani maƙwabci ya taɓa yi masa ba ta nan. Ta ajiye ludayin ta ce, "Kai ɗan nan, aurensa za ka yi?"

Na gaya mata komai, tana juya gyaɗa tana saurare. Da na kai wurin farantai ta ce wato ciwo za a shuka a jinin ragonta. Na ce ba a jikinsa ba, a faranti, don yaran da za su yi aikin asibiti su san fuskar ciwon tun kafin su gamu da shi a jikin mutum. Ta kwashe gyaɗar daga yashi. Abin da ya dame ta layya, kada a ce ragon ya sami aibi. Ni ma da ta faɗa sai ya dame ni, don haka muka je tare wurin limamin unguwar, ya ce hujin allura ba aibi ba ne muddin ragon bai rame ba bai gurgunce ba. Ta ce to, amma ba za a aske masa wuya ba, kuma ba ta karɓar komai, ita ba ta sayar da jini. "Yadda ka ɗauke shi haka za ka dawo mini da shi. Allah yana ganinka, ni ma na ga fuskarka."

Na ja ragon zuwa makaranta, Malam ya buɗa gashin wuyan da yatsa ya soka ba aski. Dakta ta ce a bar ragon a wurinmu har a gama, ko za a buƙaci ƙari. Lokaci ya ƙure, ba damar gwaji. Aka zuba farantai, ɗalibai suka ja layukansu ranar farko ta jarrabawa, aka rufe akwatin ɗumi sai washegari kowa ya karanta nasa. Na ɗaure 'yan kayana a buhu na ajiye bayan ƙofa, don kada a ce in tafi in tsaya ina lalube. Zuciyata kuwa tana ta kawo mini maƙwabcin nan da ban taɓa gani ba, da allura a hannunsa, ranar da Hajja ta tafi biki.

Da hantsi ɗalibai suka shiga cikin fararen riguna. Na tsaya nesa da taga inda ba za a ce ina leƙe ba, igiyar jan ragon a hannuna. Ba a magana a ɗakin. Na ga Malam ya buɗe akwatin yana miƙa wa kowa nasa, fuskarsa ba ta gaya mini komai ba. Rahila tana kusa da taga. Ta karɓi nata, ta ɗaga shi wajen haske kamar yadda ake koya musu, ta daɗe a haka fiye da yadda ake buƙata, sannan ta ɗan karkato shi wajena ba ta dube ni ba. Rana ta ratsa jan. A kansa ɗigo-ɗigo ne farare bisa layin da ta ja, kowanne da zobensa garau, kamar an yayyafa gero a kan jan mayafi.

Na zauna a ƙasa. Ragon ya sa baki yana cin gefen rigata, na bar shi.

Sai bayan azahar Dakta ta fito. Ta biyo ta filin, abin da ba ta saba ba, ta tsaya ta dubi komin ruwan ragunan, ta faɗi wata gajeriyar magana ta wuce. Na dubi Malam. Ya ce, "Cewa ta yi ruwansu ya yi ƙasa. Kuma gobe likitan dabbobi zai zo, daga yau in rago ya yi tari shi za a kira." Na ce wato gobe ina nan ke nan. Ya ce, "To wa zai riƙe masa su, ni?"

Na cika komin har ya zuba. Da la'asar na ja jan ragon muka bi bakin kogi. Ruwan yana tafiya a hankali, faɗinsa ya fi ƙarfin ido, wasu masu kwalekwale suna jan taru can tsakiya kamar ba sa motsi. Ban ji tsoron kowa a hanya ba, ban san dalili ba. Hajja Kaltume ta taso tun daga nesa, ta kama kan ragon ta juya shi wajen haske, ta bi wuyan da yatsu tana buɗa gashi, sama da ƙasa, ta sake bi. Ba ta sami wurin ba.

"Anya sun ɗiba kuwa?"

Na ce sun ɗiba, kuma ya tsiro.

Ta ɗaure shi a turkensa, ta ƙulla mini gyaɗa mai zafi a takarda, ta ce in zauna in huta. Na ce sai wata rana, Hajja, na bar raguna ba kowa, kuma ana jirana a wurin aiki.